Neuvola a arewacin Finlan: hudu cikin biyar na ba su, ga dalilina

Duk macen da ta shigo Finlan da ciki ko da goyo, kafin ta gane hanyar kasuwa sai ta gane hanyar neuvola. Asibitin awo ne na unguwa, na masu ciki da na yara tun daga haihuwa har su isa shiga makaranta, ba a biyan ko sisi, kuma ba wajen kai mara lafiya bane, in zazzabi ya rufe yaro da daddare ba can za ki nufa ba, wannan aikin wani asibitin ne daban. Nasu shi ne awo, rigakafi, shawara, sai kuma sa ido, to wannan na karshen shi ne yake tsorata matanmu. Mu a bangaren garin Oulu muke, karatun maigida ne ya kawo mu, yarana biyu duk ta hannunsu suka bi, kuma in aka ce in ba su maki hudu cikin biyar zan bayar. Dayan da na rike zan zo kansa.

Tun kafin in taka kofar wajen an riga an cika min kunne. Kar ki sake ki ce kin gaji, kar ki ce kun samu sabani da maigida, duk abin da suka tambaye ki ki ce lafiya lau, mutanen nan kwace 'ya'ya suke yi. Wata da ta dade a kasar har cewa ta yi in na ga tabo a jikin yaro in daga ranar awo sai ya baje tukunna. Wallahi wannan ita ce shawara mafi muni da aka taba ba ni a nan, kuma har gobe ana ba sababbin zuwa ita.

Ga yadda awon yake. Ki ajiye keken yaro a bakin kofa, ki cire takalmi saboda kankarar da ta makale, ki zauna, in an ce miki karfe goma to goma din ce, ba layi ba tura-tura. A ka'ida nas guda ake ba ki ta bi yaron har ya tasa, awo akalla 15 kafin ya shiga makaranta, mafi yawansu a shekarar farko, wasu da likita, sannan akwai manya guda uku, a wata 4 da wata 18 da shekara 4, wadanda ake so uwa da uba duk su zo don ba yaron kadai ake dubawa ba har da zaman gidan. Za ta ce ki tube shi tsirara, ta dora a sikeli, ta auna tsawo, ta zagaya kai da ma'auni, ta shafa madiga, ta kife shi, ta leka bayan kunne da hammata da cikin baki. Ba za ta ce miki shatin duka take nema ba, kuma gaskiya ba shi kadai take nema ba, amma duk mai hankali ya san idonta yana kai. Ka'idar da suke bi mai sauki ce, jaririn da bai fara rarrafe ko dafa bango ba ba shi da hanyar da zai buge kansa har jini ya kwanta, in an ga haka sai an tambaya.

Babbar 'yata an haife ta da wani shudi-shudin tabo a saman duwawu, irin wanda da yawan jariranmu suke zuwa da shi ya baje da kansa in sun tasa, mu a gida ko kallo bai ishe mu ba. Amma a farar fata irin wannan kalar bugu ne yake kawo ta. Nas din ta danna wajen da dan yatsa, ta kalli fuskar yarinyar ta ga ko gezau, ta dauko ma'auni ta auna fadinsa, ta rubuta a kwamfuta ta kuma rubuta a katin awo cewa tabon haihuwa ne, ga girmansa ga inda yake. Sannan ta ce ranar da zan fara kai ta gidan raino in nuna musu wannan rubutun tun da safe, kar wata malama da ba ta taba canza wa bakar jaririya kunzugu ba ta gani ta firgita ta buga waya. Da na bi shawarar boye tabo da ban samu wannan takardar ba. Dan Allah duk wadda jaririnta yake da irin wannan ta sa a rubuta mata tun awon farko, in nas din ba ta kula ba ke ki nuna mata.

Sai fom, kasar nan suna son fom kamar me. Akwai na giya, su tambaye ki kwalba nawa kike sha a sati, kar ki ji haushi kowa ake tambaya, kuma dalilinsu a fili yake don giya tana cikin manyan abubuwan da suke rusa gidaje a nan. Akwai na ciwon damuwa bayan haihuwa, kina barci, kina kuka ba dalili, kin taba jin kamar ki cutar da kanki. Akwai kuma na duka, wanda ake so a yi miki ke kadai maigida ba ya dakin, shin akwai wanda yake dukanki ko tsorata ki ko hana ki kudi ko fita, shin yara suna gani. Ranar farko na ji abin wani iri, mace da ban sani ba tana min tambayar da ko gwaggona sai ta yi kwana-kwana kafin ta yi. Daga baya na fahimci sun san inda ake dukan uwa yaro ma ba ya tsira, kuma mai dukan ba zai zo ya fada da bakinsa ba.

Abin da ya sa na ba su maki mai yawa shi ne maganar jijjiga jariri. Tun ina da ciki aka yi mana ita, aka sake bayan haihuwa, kuma nas din ta kalli maigida ido cikin ido tana yi, ba ni kadai ba. Kan jariri ya fi karfin wuyansa, in babba ya rike shi a kirji ya girgiza da fushi ko na dakika kadan ne kwakwalwar tana bugun kokon kai kamar nono a cikin gora in ana kada shi, jijiyoyin jini su tsinke, jini ya taru a kai da bayan ido, wani ya mutu, wani ya rayu da makanta ko farfadiya ko shanyewar jiki, kuma sau da yawa a waje ba a ganin ko kwarzane. Ba wai mugaye ne kadai suke yi ba, yawanci mutum ne da kuka ya kai shi bango. Kukan jariri yana kai makura wajen sati shida zuwa takwas, an ba shi nono an canza shi an goya shi duk a banza. Abin da suka ce a yi, in kin ji ranki ya fara baci ki kwantar da shi rigingine a gadonsa, ki ja kofa, ki fita falo ki sha ruwa ko ki buga wa wani waya, kuka ba ya kashe jariri amma hannunki a wannan lokacin zai iya. In kuma har an riga an girgiza shi, ko ke ko wani, a kira lambar gaggawa 112 a fadi gaskiyar abin da ya faru nan take, kar a ce bari mu ga zuwa safe.

A gida wannan maganar da wuya ta taso da wannan karfin, don mai jego ba ta zama ita kadai, ko an tafi da ke wankan gida ko an turo miki tsohuwa, in yaro ya dame ki da kuka kafin ki bude baki wata ta ce kawo shi nan, ta goya ta fita tsakar gida. A nan fa? A watan Disamba a Oulu hasken rana bai kai awa hudu ba, ki yi azahar kafin ki nade sallaya la'asar ta yi, kafin ki dora tukunya magariba ta fadi, waje digiri 20 kasa da sifili, kafin ki gama nade yaro a kayan sanyi ya sake bata kunzugu ki koma farko, maigida ya fita tun duhu zai dawo cikin duhu, makwabta ba a shiga gidansu haka kawai, ki wuni ba wanda ya ce miki sannu. Masu zama can sama wajen Rovaniemi nasu ya fi haka, a can kuryar arewa kuwa rana sai ta yi makonni ba ta leko ba sam. Ba sanyin ne yake sa a cutar da yaro ba, kulle da kadaici da rashin barci ne, ga giya a gidajen da ake sha. Lokacin yarona na biyu ne, da ya zo da ciwon ciki na jarirai, na fada wa nas kai tsaye cewa ba na barci kuma ina jin tsoron kaina da daddare. Ba ta zaro ido ba, ba ta dauki waya ta kira kowa ba. Ta tambaye ni wa nake da shi, na ce ba kowa, ta hada ni da masu taimakon gida na iyalai masu kananan yara, wata mata ta rika zuwa tana karbar yaron tana fita da shi a keke ni kuma in kwanta, ta kuma matso min da ranar awo kusa. Wannan taimakon hakkin iyali ne a dokarsu tun 2015, ba sai an bude miki fayil a wajen 'yan soshiyal, wato ma'aikatan hukumar kare yara, ba, amma ba a ba wadda ta ce lafiya lau.

Yanzu maganar duka, wadda na san za ta bata wa wasu rai. A Finlan haramun ne a doka ka daki danka tun 1984, Suwidin ce ta fara a duniya a 1979, Nowe ta biyo a 1987. Kuma ba bulala kadai ake nufi ba, rankwashi, mintsini, jan kunne, mari a hannu, duk suna ciki, su ma tsofaffinsu da jan gashi da dallin yatsa a goshi aka raine su kuma duk an hana. Nas za ta fada miki wannan a fili tun yaro bai fara tafiya ba. Na san amsarmu, icce tun yana danye ake tankwara shi, mu ma an dake mu ga mu mun zama mutane. Ni dai ra'ayina, a bar gardamar manyan yara a gefe, dan shekara daya ko biyu da ya yi fitsari a wando ko ya ki cin abinci ba abin da duka zai koya masa don bai ma san laifinsa ba, kuma yaran da ake kaiwa asibiti da karaya ko fashewar ciki da yawa daga nan abin ya faro, daga horo, sai hannu ya zarce. Abin da na yaba shi ne ba hani kadai suke yi ba, in kin ce yaro ya gagare ki za su zauna da ke a duba me yake tayar masa da rigima, yunwa ce, barci ne, ko zaman daki ne ya ishe shi.

To kwace yara fa, karya ce? Ba karya bace dungurungum, amma ba yadda ake ba mu labari bane. Doka ta wajabta wa nas da likita da malamin gidan raino da dan sanda su kai rahoto ga hukumar kare yara in sun ga abin damuwa, ba zabi bane a wajensu, kuma yawanci za su fada miki cewa za su kai. Rahoton ba daukar yaro bane, 'yan soshiyal suna da kwana 7 na aiki su duba ko maganar tana bukatar bincike, in tana bukata su gama cikin wata 3, kuma da yawa a nan take karewa ko a kare da taimako a cikin gida. Daukar gaggawa tana nan, ta kwana 30 a karon farko, in ana ganin ran yaro ko lafiyarsa na cikin hadari a lokacin. Ana yin kuskure? Ana yi mana, mutane ne, kuma bako da ba ya jin yare shi ya fi shan wahala in an yi. Amma ki san me ya sa suke a tsorace. A 2012 a Helsinki wata yarinya 'yar shekara 8 ta mutu a hannun ubanta da matar da yake zaune da ita bayan azaba mai tsawo, alhali an sha kai rahoto a kanta, kasar gaba daya ta girgiza, an daure su biyun rai da rai, har ma'aikata sai da aka bincika. Daga 2015 ma'aikaci in ya yi zargin an yi wa yaro duka mai rauni ba 'yan soshiyal kadai zai fada wa ba, dole ya sanar da 'yan sanda kai tsaye. A nan Oulu kuma a 2014 aka gano gawarwakin jarirai biyar a dakin ajiya na wani bene, uwar ta boye cikin duka ba wanda ya san da su. Duk nas din da take aiki a garin nan ta san wannan labarin, shi yasa wadda take gudun awo ta fi daga musu hankali a kan wadda ta zo ta ce na gaji.

Bangaren hadurran sanyi kuwa nan ne suka fi kowa, don abubuwa ne da mu ba mu taso da su ba. Barcin jariri a waje cikin keke, ranar da na fara ganin kekuna a jere a baranda da jarirai a ciki ana dusar kankara na dauka iyayen sun zautu, ashe al'adarsu ce, har bincike aka yi a jami'ar Oulu aka ga yaran sun fi dadewa suna barci a waje. Nas ba ta tilasta min ba amma ta ba ni ka'idojin, ba a farawa sai jariri ya yi sati biyu kuma da kadan-kadan, in sanyi ya wuce digiri 10 zuwa 15 kasa da sifili a hakura, kar a rufe bakin keken da bargo mai kauri iska ta kasa shiga, a rika taba keyarsa don zufa ma hadari ce ba sanyi kadai ba, kuma kar a ajiye keke a gindin bango karkashin rufi, don in gari ya fara sassautawa kankara mai nauyin gaske tana subucewa daga saman bene. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne mai. Mu da mun ga sanyi sai mu labta wa yaro basilin ko man kadanya a fuska kafin a fita, ita kuwa ta ce kar in yi, man ba ya kare kumatu daga konewar sanyi, yana ma iya sa a kasa lura har fatar ta yi fari ta mutu, a shafa da daddare bayan wanka, da rana hula da mayafin wuya su ne kariya.

Sai rigar sanyin nan mai hade da ake zuge zif daga wuya har kafa. Kar ki daure yaro a kujerarsa ta mota yana cikinta, kaurinta yana sa bel ya zama kamar ya kama alhali akwai sarari, in aka yi karo rigar ta lotse yaron ya fice, a cire ta a daure shi sannan a lulluba masa bargo a sama. Kujerar kuma ta kalli baya har ya kai shekara uku ko hudu, kuma zama a kujerar yara dole ne a doka har sai ya kai tsawon santimita 135. Sai dan abin kyallin da ake ratayawa a riga da keke don direba ya hango ku a duhu, araha ne kamar banza, wani lokacin kyauta ake rabawa, ki rataya a kowace riga kar ki tsaya canzawa. Sai kogi da tafki, farkon sanyi da karshensa kankarar saman ruwa tana da fari tas kamar fili amma ba ta daukar ko yaro, kuma dan shekara uku bai san inda kasa ta kare ruwa ya fara ba. A cikin gida kuma kuna ce, murhun dakin gumi da kusan kowane bene yake da shi, kofin gahawa ko shayi a bakin tebur, mu kuma namu tukunyar ruwan zafi da man suya, ga kananan batira masu kama da kwabo, ga kullin tabar da samari suke sawa a lebe su yar a filin wasa. Ta sa na ajiye lambar cibiyar da ake kira in yaro ya sha guba a waya tun kafin yaro ya fara rarrafe.

Akwatin haihuwa, kwalin kayan jariri da ake ba mai ciki, ma ta wajensu ake bi a same shi, gwamnati ce take bayarwa amma sai da takardar shaidar kin yi awo, dabarar kenan tun 1949 da aka bude shi ga kowa, ki zo awo kafin ciki ya wuce wata hudu a ba ki kaya. A shekarun 1930 jarirai 65 cikin 1000 suke mutuwa a kasar nan, yanzu kusan 2 ne, ba akwatin kadai ya yi wannan ba, shi dai ya jawo mata zuwa awo, awon da wani likitan yara Arvo Ylppö ya assasa a Helsinki tun 1922. A lokacin da na haihu ana iya zabar kudi yuro 170 maimakon kayan, kar ki zaba in haihuwar fari ce, rigar sanyin da jakar barcin kadai sun kusa cinye kudin. Kwalin kansa gado ne da 'yar katifa, ba matashi ba tarkace, a kwantar da jariri rigingine. Mu da muka saba kwana da jariri a jiki ba su ce haramun bane, amma sun ce ban da kan kujerar falo, ban da in akwai mai shan taba ko giya a gadon, ban da ranar da gajiya ta kai ki inda ba za ki ji motsinsa ba. Kuma digon bitamin D kullum tun daga sati biyu, mu masu bakar fata a kasar da ba rana mu muka fi bukata, rashinsa yana lankwasa kafa ya sa kashi ya yi laushi, kuma kin san in kashin jariri ya karye a nan tambayoyin da za su biyo baya.

To ga makin da na rike. Na farko canjin nas, a takarda mutum daya ce za ta bi ki, a zahiri da na biyun kusan duk zuwa sabuwar fuska nake tararwa, in sake labari daga farko, kuma duk tsarin nan a kan sabo ya tsaya, wa za ta bude cikinta ga wadda ta gani yau gobe ba ta nan? Na biyu tafinta. Na Hausa kamar babu, Turanci ake lallabawa da shi, kuma na san wata baiwar Allah da mijinta ne yake fassara mata komai a wajen awo, har tambayar ko ana dukanta ta bakinsa ta bi, to me ake so ta ce? Wannan ya saba wa ka'idarsu da kansu amma ana yi in an rasa mafita. Na uku, ba duka suka san bakar fata ba, wadda ta auna tabon 'yata ta sani, wata kuwa kurji ne ya feso wa yaron tana ta neman ja a jiki ba ta gani ba, sai da na kama hannunta na dora ta ji da tafinta. In ba a gane kurji ba yaya za a gane kwanciyar jini a jikin yaron da ake duka da gaske? Wannan ya fi damuna a kan tsoron a zarge ni.

Sai al'adunmu. Za su tambaye ki kaciyar mata in kin fito daga kasar da ake yi, kuma daidai ne su tambaya, laifi ne babba a nan ko da a hutu aka kai yarinya gida aka yi. Amma wadda ta tambaye ni karantowa ta yi daga takarda kanta a sunkuye kamar ita ce mai laifin, da na ce mu ba ma yi ta sauke ajiyar zuciya ta wuce, ba ta san akwai cire beli ba, ba ta san tsagar wanzami ba, ba ta san kwallin da ake rambada wa jariri wanda wani yana da dalma a ciki ba, alhali wadannan su ne kaka za ta yi wa jaririn cikin kwana biyu in an je gida, kuma cire beli yana iya jawo zubar jini da shigar cuta ba wasa ba. Zuma kadai ta sani, ta ce kar a lasa wa jariri kafin shekara daya, wannan kam gaskiya ce. Kaciyar maza kuwa kowa sai ya noke, asibitin gwamnati ba ya yi in ba don ciwo ba, a ce miki ki nemi likita mai lasisi a asibitin kudi a yi da maganin kashe zafi, shikenan bayanin, to ai irin wannan nokewar ce take tura mutane wajen wanda zai zo ya yi a falo.

Waya ma sai a hankali, akwai awannin kira, ki bar sako su kira ki, wani lokaci sai washegari, kuma da yamma da karshen mako a rufe suke, daidai lokacin da kuka ya fi tsanani, don haka ki tambaya tun da wuri a rubuta miki lambar masu jiran dare ta asibiti da ta gidan mafaka na uwa da jariri mafi kusa, suna karbar mace da tsakar dare da yaranta ba sai da takarda ba. Zuwa awon kansa ba tilas bane a doka, in kin daina zuwa za su neme ki su ji dalili. Wata mai kamawa karamin zai yi babban awo na wata 18, na riga na roki a hada ni da nas din da ta gan mu a zuwan baya, an ce za a duba, kuma maigida ya dauki hutun rabin rana don shi ma akwai fom dinsa.